Sanyin Fabrairun 2021 a Teksas: Abin da Masu Hasashe Suka Hango da Abin da Aka Yi da Shi

Tsakanin ranar 10 da ranar 20 ga Fabrairun 2021, guguwar sanyi uku suka bi juna a tsakiya da kudancin Amurka, wata na wucewa wata na shigowa, kuma jihar Teksas ce ta fi kowa jin jiki. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4.5 sun zauna babu wutar lantarki, wasu har kwana uku ko huɗu, a daidai lokacin da sanyi ya kai matakin da da yawa daga mazauna jihar ba su taɓa gani ba tun da aka haife su. Daga baya ma'aikatar lafiya ta jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 246, hukumar NOAA mai kula da yanayi da tekuna kuwa ta ƙiyasta hasarar dukiya sama da dala biliyan 20, wadda ta zama mafi girma da guguwar sanyi ta taɓa jawo wa ƙasar. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, masu hasashen yanayi sun hango shi tun da sauran kwanaki, sun kuma faɗa a fili, amma hakan bai hana abin da ya faru faruwa ba. Don a gane dalili, dole a bi hasashen mataki-mataki, domin abin da ake iya sani saura wata uku daban yake da abin da ake iya sani saura mako guda, kuma kowanne akwai irin shawarar da ya dace a ɗora a kansa.

A watan Oktoban 2020 cibiyar hasashen dogon zango ta NOAA ta fitar da hasashenta na lokacin sanyi. A wannan shekarar ruwan tsakiya da gabashin Tekun Fasifik ya yi sanyi fiye da yadda aka saba, yanayin da ake kira La Niña, kuma tarihi ya nuna cewa a irin wannan shekara kudancin Amurka yakan samu ɗumi da ƙarancin ruwa. Saboda haka hasashen ya karkata ga cewa Teksas za ta yi ɗumi fiye da matsakaici daga Disamba zuwa Fabrairu. Irin wannan hasashe magana ce a kan matsakaicin wata uku, kuma a kan rinjaye yake tafiya, wato yana cewa ɗumi ya fi sanyi yiwuwa. Ba ya cewa komai a kan ko za a sami kwana goma masu tsanani a cikin kwana casa'in ɗin. Masana sun san wannan iyaka, suna kuma rubuta ta a jikin hasashen, amma wanda ya kalli taswira ya ga an shafe jiharsa da launin ɗumi, abin da yakan tafi da shi a ransa shi ne bana babu sanyi. Disamba da Janairu kuwa sun zo da sauƙi a yawancin ƙasar, sai mutane suka ƙara sakin jiki.

Alama ta farko ta fito ne daga can sama. A lokacin sanyi akwai wani zobe na iska mai ƙarfi da ke kewaya ƙuryar arewacin duniya daga yamma zuwa gabas, a tsayin da ya kai kilomita 30 ko fiye, kuma muddin yana da ƙarfi, sanyin Aktik yakan zauna a tsare a yankinsa. A farkon Janairun 2021 iskar da ke wannan tsayi ta ɗumama da digiri masu yawa cikin 'yan kwanaki, zoben ya raunana, har zuwa ranar 5 ga wata iskar ta juya ta koma kaɗawa daga gabas. Masu hasashe sun daɗe da sanin cewa idan haka ta faru, yiwuwar sanyi ya ɓalle zuwa kudu tana ƙaruwa cikin makonnin da ke biye. Sai dai alamar ba ta faɗin inda sanyin zai sauka, ko Turai, ko gabashin Asiya, ko Arewacin Amurka, ba ta faɗin ranar, kuma akwai shekarun da zoben ya raunana amma ƙasa ba ta ji komai ba. Makonni suka shige ana ta maganar sanyi na tafe, Amurka kuwa shiru. Har yau masana ba su gama daidaitawa a kan rawar da wannan ɗumama ta taka ba. Binciken da Judah Cohen da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2021 ya danganta sanyin Teksas da miƙewar zoben da kuma sauyin da yankin Aktik ke yi, alhali wani binciken da ya fito a 2022 ya nuna cewa abin da ya gudana a ƙananan sassan iska ne ya fi tasiri. A ganina wannan saɓani kansa ya isa ya nuna cewa a watan Janairu babu mai hasashen da ya isa ya ce wa Teksas ga ranar da abin zai same ta.

Da shigowar Fabrairu lamarin ya fara bayyana. Kogin iskar nan da ke gudu a tsayin da jiragen sama ke bi, wanda shi ne ke raba iska mai sanyi ta arewa da mai ɗumi ta kudu, ya lanƙwashe sosai: ya hau arewa ta wajen Alaska, sannan ya gangaro kudu ta tsakiyar nahiyar. Wannan lanƙwasa ta buɗe hanya ga iskar da ta daɗe tana taruwa a arewa maso yammacin Kanada. Tsarin ƙasar ma ya taimaka mata, domin duwatsun Rocky sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu, kuma gabas da su fili ne shimfiɗaɗɗe tun daga Kanada har bakin teku, babu wani tsauni da ya gitta da zai tare iska mai nauyi idan ta fara malalowa. Cikin makon farko na watan sanyin ya mamaye jihohin arewa, manyan manhajojin lissafin yanayi kuma, na Amurka da na cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, suka fara nuna shi yana isa Teksas. Da yake ba a gudanar da irin wannan lissafi sau ɗaya, ana maimaita shi ne sau da yawa tare da ɗan sauya bayanan farawa don a ga iyakar abin da zai iya faruwa, abin da ya tayar wa masu hasashe hankali shi ne yadda sakamakon ya riƙa haɗuwa wuri guda kwana bayan kwana. Saura kusan mako guda, ofisoshin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa da ke Fort Worth da Houston da sauran garuruwa sun riga sun fara faɗakar da jama'a cewa sanyin da ke tafe mai tsanani ne kuma zai daɗe.

Inda aikin ya fi wuya shi ne guguwa ta farko, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ukun. Iskar Aktik idan ta iso kudu takan zo ne a kwance, siririya, wani lokaci kaurinta bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, ta kutsa ƙarƙashin iska mai ɗumi da laima da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko. Manhajojin kwamfuta sun daɗe suna da rauni a nan: sukan makara wajen nuna isowarta, su kuma rage mata tsanani, shi ya sa gogaggun masu hasashe na yankin sukan saukar da alƙaluman da kwamfuta ta ba su da hannunsu, suna dogaro da abin da balan-balan ɗin awo da ake saki sau biyu a rana suka nuna. Muhimmancin wannan siririn sanyi shi ne shi ke yanke irin abin da zai zubo. Idan iska ta yi sanyi tun daga gajimare har ƙasa, dusar ƙanƙara ce za ta sauka. Idan akwai ɗumi a tsakani, dusar takan narke ta zama ruwa, sannan idan sanyin ƙasa yana da kauri ta sake daskarewa ta faɗo kamar tsakuwa. Idan kuwa sanyin ƙasan siriri ne, ruwan yakan iso a matsayin ruwa, sai ya daskare nan take a kan duk abin da ya taɓa, kwalta ko reshen itace ko wayar lantarki. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ne ke raba waɗannan ukun, kuma iyakar da ke tsakaninsu tana iya matsawa kilomita hamsin cikin dare ɗaya.

Da asubahin ranar 11 ga Fabrairu, wajen ƙarfe 6, an yi yayyafi mai daskarewa a Fort Worth. Ruwan bai taka kara ya karya ba, amma ya sauka a kan wani sashe na babbar hanyar I-35W da aka ɗaga sama, kuma hanyar da ke sama ta fi ta ƙasa saurin daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinta, babu ɗumin ƙasa da zai riƙe ta. Direbobi suka shigo da gudu cikin duhu a kan kwaltar da ido ke gani kamar jiƙa kawai ta yi, aka taka birki bai kama ba, manyan motoci suka riƙa afka wa ƙanana a cikin layin da shingen kankare ya tsare dama da hagu. Motoci kimanin 130 ne suka yi karo, mutum 6 suka rasu. An riga an fesa wa hanyar ruwan gishiri kusan kwana biyu kafin nan, an kuma riga an yi gargaɗin yiwuwar ƙanƙara, amma babu hasashen da zai iya nuna gadar da za ta daskare da mintin da za ta daskare. Wannan gurbi sai mai sa ido a kan hanyar kansa ne zai cike shi, kuma binciken da hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasa ta yi daga baya ya nuna cewa a nan aka gaza.

Guguwa ta biyu, wadda tashar The Weather Channel ta raɗa wa suna Uri, ita ce babba, kuma ita ce hasashe ya fi kamawa daidai. Ranar 12 ga wata Gwamna Greg Abbott ya ayyana dokar bala'i a dukan gundumomi 254 na jihar, ranar 14 Shugaba Joe Biden ya amince da taimakon gaggawa na tarayya, kuma a karon farko a tarihi kowace gunduma ta Teksas ta shiga ƙarƙashin gargaɗin guguwar sanyi a lokaci guda. Jiha ce da faɗinta ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na Nijeriya, daga hamadar yamma har gaɓar teku inda ake noman lemo. Daren 14 wayewar 15 dusar ƙanƙara ta rufe Dallas da Austin da San Antonio, ta sauka har a kan yashin bakin teku a Galveston. Austin ta sami kimanin santimita 16, abin da ba ta gani ba tun 1949. Bayan dusar ta kwanta, gari ya washe, iska ta lafa, kuma wannan haɗi shi ne ke kai sanyi maƙura, domin farar dusa tana mayar da hasken rana da yini, da dare kuma ɗan ɗumin da ya rage yana tserewa sama babu gajimaren da zai tare shi. Safiyar 16 ga wata filin jirgin sama na Dallas da Fort Worth ya nuna digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, Houston ta nuna 11, birnin Oklahoma kuwa 26, su ma ƙasa da sifili, kuma na Oklahoma shi ne mafi tsanani da ya gani tun 1899. A ranar dusar ƙanƙara ta rufe kusan kashi 73 cikin ɗari na jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna.

Alƙaluman nan su ne jaridu suka fi ɗauka, amma abin da ya yi ɓarna shi ne daɗewa da kuma jerin da abubuwan suka bi. Garin Waco ya yi awa 205 a jere ma'auni bai hau sifili ba, wato fiye da kwana takwas. Gidan da aka gina don ya fitar da zafi, da bututun ruwa da aka bi da shi ta cikin rufi ko bangon waje ba tare da naɗi ba, suna iya jure dare ɗaya na sanyi, domin rana za ta fito ta warware. Idan aka kai kwana na huɗu da na biyar, sanyin ya riga ya ratsa bango da ƙasa da ƙarfe. Ƙanƙarar guguwa ta farko ba ta narke ba ta biyu ta hau kanta, kafin a farfaɗo kuma ta uku ta iso tsakanin 16 da 18 ga wata da sabon ruwa mai daskarewa a tsakiya da gabashin jihar, da dusa sama da santimita 20 a Del Rio da ke kan iyakar Meziko. Hanyoyi suka rufe, saboda haka ma'aikatan gyara ba su iya isa rijiyoyin gas da tashoshin wuta da suka tsaya ba, motocin kaya kuma ba su iya kai abinci kantuna ba. Duk wannan jeri yana cikin hasashen da aka bayar. Sai dai gargaɗin hukuma yana fita ne guguwa bayan guguwa, kowace da nata lokacin farawa da ƙarewa, kuma ba a saba da hanyar da za a faɗa wa mutum cewa ta uku za ta same shi ne bayan biyun farko sun riga sun karya duk abin da yake dogaro da shi ba.

A nan ne labarin ya koma hannun ERCOT, hukumar da ke tafiyar da babban layin lantarkin da ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da Teksas ke sha. Wannan layi a ware yake da manyan layuka biyu na gabashi da yammacin Amurka, mahaɗarsa da waje kaɗan ce, don haka idan ya shiga matsi ba shi da inda zai aro wuta mai yawa. ERCOT tana da nata hasashen, wanda ke mayar da yanayi ya zama megawat. A tsarinta na lokacin sanyi da ta fitar a Nuwamban 2020 ta ƙiyasta cewa buƙata za ta kai kimanin megawat 57,700, idan kuma abu ya yi tsanani ƙwarai ta kai kimanin 67,200. Wannan adadi na biyu an gina shi ne a kan sanyin Fabrairun 2011, wato an ɗauki abin da ya faru shekara goma baya a matsayin iyakar abin da zai iya faruwa, alhali jihar ta ga sanyin da ya fi shi a Disambar 1989. Da yammacin 14 ga Fabrairu buƙata ta haura megawat 69,000, kuma ƙiyasin hukumar ya nuna da ba a yanke wuta ba da ta kai kusan 76,800. Dalilin yana cikin gidaje: kusan gida shida cikin goma a Teksas da lantarki suke ɗumama ɗaki, kuma da yawa daga na'urorin idan sanyi ya wuce wani mataki sukan koma amfani da wayar zafi mai shan wuta ninki biyu ko uku. Saboda haka buƙata ba ta hawa a hankali daidai da saukar ma'auni, takan yi tsalle ne.

Ba za a ce hukumar ba ta ji gargaɗin ba. Tun ranar 8 ga wata ta aika wa masu tashoshi sanarwar su shirya, ta kuma nemi a ɗage gyare-gyaren da za a iya ɗagewa. Amma a taron hukumar gudanarwarta na ranar 9, abin da shugabanta Bill Magness ya faɗa a kan sanyin da ke tafe bai cika minti ɗaya ba, kuma wannan ya nuna yadda aka auna nauyin abin. An yi tanadin buƙata za ta hau, an yi tanadin wasu tashoshi za su tsaya, amma ba a haɗa biyun a matakin da suka zo tare ba, duk da cewa sanyi ɗaya ne ke haddasa su. Bayan tsakar daren 15 ga wata tashoshi suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙarfe 1:25 aka ba da umarnin fara yanke wuta. Bugun layin, wato yawan kai-komon da wutar ke yi, wanda ya kamata ya tsaya a sau 60 cikin daƙiƙa, ya sauka ƙasa da 59.4, ya zauna a can minti 4 da daƙiƙa 23. Da ya cika minti 9, na'urorin kariya za su cire sauran tashoshin da kansu, jihar ta faɗa duhun da jami'ai suka ce zai iya ɗaukar makonni kafin a tayar. Minti 4 da daƙiƙa 37 ne suka rage. Don kauce wa haka aka yanke har megawat 20,000, kuma abin da aka sanar a matsayin ɗauke wuta na karɓa-karɓa ya zama ɗaukewa ɗungurungum, domin yawan da ake buƙatar cirewa bai bar layin da za a juya wa ba, tunda ba a taɓa layukan asibitoci da makamantansu.

A lokacin da abin ya fi muni, megawat sama da 52,000 daga cikin kimanin 107,000 da jihar ke da su ba sa aiki. Rahoton haɗin gwiwa da hukumomin FERC da NERC, masu sa ido a kan harkar makamashi da ingancin layukan lantarki a Amurka, suka fitar a Nuwamban 2021 ya ƙirga injinan samar da wuta 1,045 da suka sami matsala a faɗin yankin, ya kuma nuna cewa kashi 44 cikin ɗari na matsalolin daskarewar kayan aiki ne, kashi 31 kuma rashin makamashi, galibi iskar gas. An yi ta zargin injinan da ke samar da wuta da ƙarfin iska a kwanakin farko, kuma gaskiya ne da yawansu sun daskare, amma kashi 58 cikin ɗari na injinan da abin ya shafa masu aiki da gas ne. Sau da yawa abin da ya tsayar da babbar tasha ƙaramin abu ne. A tashar nukiliya ta South Texas Project, wani siririn bututun awo ne ya daskare ya ba da bayanin ƙarya, injin guda ya kashe kansa. A filayen haƙar gas kuwa ruwan da ke fitowa tare da gas ɗin ya daskare a bakin rijiya, abin da jihar ke haƙowa ya ragu da kusan rabi, sannan yanke wutar ya faɗa a kan wasu wuraren tura gas da ba su yi rajista a matsayin masu muhimmanci ba, sai rashin wuta ya rage gas, rashin gas ya ƙara rage wuta. Abin ya tsallaka iyaka: kusan masu amfani da wuta miliyan 4.7 a arewacin Meziko sun shiga duhu saboda tashoshinsu da gas ɗin Teksas suke aiki.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne duk an riga an rubuta shi. Bayan sanyin 2011 waɗannan hukumomi biyu sun ba da shawarar a naɗe bututai, a sa wa na'urorin awo wayar ɗumi, a kare tashoshi daga iska, amma shawara ce ba doka ba, kuma da yawa ba su bi ba. Birnin El Paso, wanda yake kan layin yamma kuma kamfanin wutarsa ya kashe kuɗi wajen gyara bayan ya sha wahala a 2011, ya ratsa makon da 'yar matsala kaɗan. Gargaɗin mako guda yana isa mutum ya sayi abinci, ya tara ruwa, ya ɗauko tsohuwarsa daga gidan da take zaune ita kaɗai. Ba ya isa a naɗe bututan tashoshi ɗaruruwa ko a gina mahaɗa da layin maƙwabta, domin waɗannan aikin shekaru ne, kuma shawararsu a kan tarihin yanayi ake ɗora ta. Tarihin kuwa ya riga ya nuna 1899 da 1983 da 1989 da 2011.

Akwai kuma giɓi a irin saƙon da ya isa ga talaka. An gaya masa kada ya hau hanya, ya rufe tsirrai, ya shigar da dabbobi, ya bar famfo yana ɗiga. Ba a gaya masa ya shirya kwana uku a gida babu wuta babu ɗumi ba, saboda masu hasashen yanayi ba su da hurumin yin magana a kan layin lantarki, masu layin kuma sun ce yankewar ta ɗan lokaci ce. Ƙididdigar ma'aikatar lafiya ta nuna sakamakon: mutum 161 sanyi ne ya kashe su kai tsaye, da yawansu tsofaffi a cikin ɗakunansu, 22 haɗarin mota, 10 gobara, 19 kuma hayaƙin da ba ya wari, na gawayi ko janareta ko motar da aka bari tana aiki a gareji don a ji ɗumi. Wannan hayaƙi shi ne dai wanda ke hallaka iyalai a ƙasashenmu idan aka kwana da janareta ko kaskon wuta a rufaffen ɗaki, kuma gargaɗi a kansa ya fi amfani kafin wuta ta ɗauke, lokacin da waya da talabijin ke aiki.

Juyawar yanayin ta zo da sauri kamar yadda aka yi hasashe. ERCOT ta janye dokar gaggawa ranar 19, ranar 20 ma'auni ya hau sifili a yawancin jihar, kuma mako guda bayan safiyar da Dallas ta ga digiri 19 ƙasa da sifili, zafin rana a can ya wuce digiri 20, tazarar da ta kai digiri 40. Narkewar ce ta tona ɓarnar da sanyi ya ɓoye. Ruwa idan ya daskare yana kumbura ya tsaga bututu, amma ƙanƙarar kan toshe tsagar, sai ta narke ruwa ya ɓalle. Silin ya riƙa ruftowa a gidaje da makarantu, ƙarfin ruwa ya faɗi a manyan bututan birane saboda yoyo da kuma miliyoyin famfunan da aka bari suna ɗiga, har mutum sama da miliyan 14 suka sami tangarɗar ruwan sha, akasarinsu aka umarce su su tafasa kafin su sha, wasu kuma ba su da wutar tafasawar.

Bayan haka an sallami Magness a watan Maris, kwamishinonin hukumar kula da kamfanonin wuta ta jihar duka suka sauka, kuma a watan Yuni gwamna ya sa hannu a kan dokar majalisar jihar da ta wajabta wa tashoshin wuta shirin sanyi tare da dubawa da tara. Gwaji na farko mai nauyi ya zo a Disambar 2022, lokacin da wata iskar Aktik ta sake gangarowa gab da Kirsimeti, ita ma an hango ta saura kusan mako guda. Layin Teksas ya tsaya a wannan karo, ko da yake sanyin bai daɗe kamar na 2021 ba kuma bai zo da ƙanƙara mai yawa ba, amma buƙatar wuta ta sake wuce abin da ERCOT ta ƙiyasta da dubban megawat. A gabas kuma, hukumar TVA da ke ba jihar Tennessee da maƙwabtanta wuta, wadda aka kafa tun 1933, ta yi yankewar karɓa-karɓa a karon farko a tarihinta ranakun 23 da 24 ga Disamba, kamfanin wuta na Duke Energy ma ya yi haka a Karolaina ranar 24, kuma binciken da ya biyo baya ya sake samun daskararrun na'urori, da raguwar gas, da ƙiyasin buƙata da ya gaza abin da mutane suka sha.